BUƊE ZUCIYA WAJEN NEMAN GASKIYA: DARASI DAGA SALMANUL FARISI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ba mu ji da gani da hankali, kuma zai tambaye mu abin da muka yi da su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana Musulmi, maza da mata, akwai cututtuka biyu da kan kama mutum bayan ya fara son addini. Mashayi da ɗan caca suna da nasu cututtukan, waɗannan kuwa mai sahun farko suke nema. Ta farko ita ce toshe kunne. Mutum ya zauna gaban malami ɗaya, ya karanta littafi ɗaya, shi ke nan ya rufe ƙofa. Duk wanda ya zo masa da wata magana, ko da hujja a hannunsa, sai ya fara tambaya, "Almajirin wa ne?" Ta biyu ita ce mutum ya ɗauka duk abin da ba salla ko azumi ko zaman karatu ba ne, ɓata lokaci ne. Sai ya saki sana'a, ya raina makaranta, ya bar iyali da yunwa, wai shi ya ba duniya baya. Maganin cututtukan nan biyu yana cikin tarihin mutum ɗaya, watau Salmanul Farisi, Allah Ya yarda da shi. Shi da bakinsa ya ba Abdullahi ɗan Abbas labarinsa, Imamu Ahmad kuma ya kawo shi cikin Musnadinsa.

YADDA YA BAR GIDA

An haifi Salmanu a ƙasar Farisa, inda a yau ake kira Iran, a wani ƙauye mai suna Jayyu kusa da Isfahan. Ubansa shi ne mai garin. Addininsu Majusanci ne, bautar wuta, har Salmanu ya kai matsayin mai kula da wutar don kada ta mutu. Saboda tsananin so, ubansa ya tsare shi a gida ba ya barinsa fita. Wata rana uban ya aike shi gona. A hanya ya wuce wata majami'ar Nasara, ya ji suna addu'a, sai ya shiga ya duba. Bai fito ba sai da rana ta faɗi. Ya koma ya gaya wa ubansa cewa ya ga addinin da ya fi nasu. Uban ya ce masa addinin kakanninsa ya fi, sa'an nan ya sa masa mari a ƙafa.

To jama'a, ku tsaya nan. Da Salmanu ya ce, "Ni ɗan mai gari ne, mu muke da wuta, me zan ji wurin waɗannan?" da ya mutu yana hura wuta. Abin da ya fara cetonsa shi ne ya tsaya ya saurara. Kifin rijiya yana tsammani duk ruwan duniya shi ne wanda yake ciki. Sau nawa Alƙur'ani ya zargi mutanen da aka kira su zuwa ga gaskiya, suka ce su dai abin da suka iske iyayensu a kai shi za su bi? Kada ku zaci zargin nan ga Maguzawa kaɗai ya tsaya. Duk wanda ya ƙi duba hujja don ba daga gidansu ta fito ba, ya ɗebi rabonsa daga wannan hali.

Salmanu ya kwance marin, ya bi fatake zuwa Sham, ya nemi babban malamin Nasara ya zauna yana yi masa hidima. Ashe mutumin macuci ne. Yana kwaɗaitar da mutane su ba da sadaka, shi kuwa yana tarawa, har ya cika tuluna 7 da zinariya da azurfa. Da ya mutu, Salmanu ya nuna wa mutane inda ya ɓoye dukiyar. Ku lura da kyau, bai rufa wa malaminsa asiri a kan cin haƙƙin talakawa ba. Kuma bai ce tunda malami ya ci amana, addini duka ƙarya ne ba. Matasa da yawa a nan suke faɗuwa. Wani ya ga malaminsa ya yi abin kunya, sai ya tsaya kare shi ido rufe. Wani kuma ya bar masallaci gaba ɗaya. Salmanu bai bi ko ɗaya ba, ya zauna da wanda aka naɗa bayansa, ya same shi mutumin kirki.

Da ajalin wannan ya zo, ya tura Salmanu wurin wani a Mausil. Na Mausil ya tura shi Nasibin, na Nasibin ya tura shi Ammuriyya a ƙasar Rumawa. Kowane ɗayansu bai riƙe almajiri ya ce daga ni babu kowa ba. A Ammuriyya ma Salmanu bai zauna hannu sake ba, ya yi nema har ya mallaki shanu da 'yan tumaki. Malaminsa na ƙarshe ya ba shi labarin Annabin da lokacinsa ya yi kusa, wanda zai yi hijira zuwa ƙasa mai dabino, ya kuma ba shi alamominsa: ba ya cin sadaka, yana cin kyauta, akwai hatimin annabta tsakanin kafaɗunsa. Salmanu ya ba wasu fatake na ƙabilar Kalbu dabbobinsa don su kai shi ƙasar Larabawa. Suka ci amanarsa, suka sayar da shi bawa a Wadil Ƙura, daga nan aka sake sayar da shi ga wani Bayahude na Banu Ƙuraiza a Madina. Ɗan mai gari ya koma bawa mai hawan dabino. Ba a shan zuma sai an sha harbi.

BUƊE ZUCIYA DABAN, WAUTA DABAN

Wani zai ce, "Malam, ashe kenan duk abin da na ji in ɗauka?" A'a, ɗan'uwa. Dubi abin da Salmanu ya yi sa'ad da Manzon Allah (S.A.W.) ya sauka Ƙuba. Ya kai masa abinci ya ce sadaka ce. Annabi ya ba sahabbansa, shi bai ci ba. Salmanu ya ƙidaya ɗaya. Ya sake kawowa a Madina ya ce kyauta ce, Annabi ya ci tare da su. Ya ƙidaya biyu. Sa'an nan a maƙabartar Baƙi'a, wajen wata jana'iza, ya zagaya bayansa, Annabi ya gane abin da yake nema ya sauke mayafinsa, ya ga hatimin, ya faɗi yana kuka. Mutumin da ya yi shekaru yana jiran wannan rana, amma ɗoki bai hana shi gwadawa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Saboda haka buɗe zuciya shi ne ka saurara, sa'an nan ka auna. Ma'auninmu kuwa sananne ne, Littafin Allah da abin da ya inganta daga Sunna. Abin da ya dace da su ka karɓa, ko daga bakin wanda ba ka so ya fito. Abin da ya saɓa musu ka ajiye, ko da wanda ya faɗa shi ne ya koya maka alwala. Buhari ya kawo labarin Abu Huraira sa'ad da aka sa shi gadin abincin zakka, wani ɓarawo ya yi ta zuwa dare uku, a na ukun ya gaya masa falalar karanta Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya. Annabi ya sanar da shi cewa Shaiɗan ne, maƙaryaci ne, amma a wannan maganar ya faɗi gaskiya. To in an karɓi gaskiya daga Shaiɗan bayan an tabbatar da ita, ina dalilinka na ƙin ta daga ɗan'uwanka Musulmi don kawai ba masallacinku ɗaya ba?

Malamanmu na farko haka suka tafi. Imamu Maliki, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa dukan Musulmi bin Muwaɗɗa, shi da kansa ya hana, domin sahabbai sun watsu cikin garuruwa, kowane gari yana da ilmin da ya iso masa. Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 204, ya janye fatawoyi da dama da ya bayar a Iraƙi bayan wasu hujjoji sun bayyana gare shi. Ba wanda ya ce darajarsa ta ragu.

BAYAN AN SAMI GASKIYA

Yanzu mu koma ga cuta ta biyu. Da Salmanu ya musulunta, Annabi bai ce masa ya shiga masallaci ya rufe ƙofa ba. Umartarsa ya yi ya nemi fansar kansa. Ubangidansa ya yanka masa dashen dabino 300 da uƙiya 40. Sahabbai suka tara masa 'ya'yan dashe, wannan ya kawo talatin, wancan ya kawo goma, Salmanu ya haƙa ramuka, Annabi ya dasa da hannunsa mai albarka. Bauta ce ta hana shi halartar Badar da Uhudu, aikin gona kuwa ya zama ƙofar 'yancinsa.

A shekara ta 5 bayan Hijira, ƙabilu suka yi gangami da mayaƙa wajen 10,000 suka nufo Madina, Musulmi kuwa wajen 3,000 ne. Masu tarihi sun ce Salmanu ne ya kawo shawarar a haƙa gwalalo, dabarar da ya sani a Farisa, Larabawa ba su saba da ita ba. Annabi bai ce wannan hikimar masu bautar wuta ce ba. Ya karɓa, ya shiga rami yana ɗaukar ƙasa tare da su. Ilmin da Salmanu ya taho da shi daga ƙasar kafirci, da shi Allah Ya tsare birnin Manzo. Haka kuma bayan Badar, wasu fursunonin Ƙuraishawa sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu, alhali suna mushirikai. Zaidu ɗan Sabitu kuwa, Annabi ne ya sa shi koyon rubutun Yahudawa, ya iya cikin kusan rabin wata. Wanda yake cewa koyon likitanci ko lissafi ko wani harshe ragin imani ne, sai ya gaya mana daga ina ya samo.

Sai labarin da ya fi shafar gidajenmu. Annabi ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Salmanu da Abud Darda'i. Salmanu ya kai masa ziyara, ya iske matarsa ba kwalliya ba gyara. Da ya tambaye ta, sai ta ce ɗan'uwan nasa ba shi da sauran bukata da duniya. Abud Darda'i ya kawo abinci ya ce shi yana azumi, Salmanu ya ce ba zai ci ba sai sun ci tare. Dare ya yi, ya tashi zai yi salla, Salmanu ya ce ya kwanta. Ya sake tashi, ya sake kwantar da shi. Sai ƙarshen dare suka tashi tare suka yi salla. Sa'an nan ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai na jiki, akwai na iyali, kowa a ba shi nasa. Da maganar ta je gaban Annabi, sai ya gaskata Salmanu. Buhari ne ya ruwaito.

Ya kai mai gida, ka ji wannan? Kana wurin wa'azi tun magariba har tsakar dare, uwargida ba ta ga cefane ba, yara an koro su daga makaranta, ka ce kai kana neman lahira. Lahirar nan ta bi ta cikin gidanka. Ya kai saurayi, da ka bar koyon aikin hannu kana jiran abin da wani zai miƙo maka, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A Suratul Jumu'a, ayar da ta biyo bayan umarnin barin ciniki don salla ita ce ta yi izinin watsuwa neman falalar Allah in an idar. Salmanun nan ya zama gwamnan Mada'in, tsohon birnin sarakunan Farisa, amma an ruwaito yana rabar da albashinsa, yana saƙa ganyen dabino ya sayar ya ci daga guminsa, kamar dai masu saƙar kaba a ƙauyukanmu. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da mulki da karantarwa, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna da cututtuka. Bai ga hakan ya fitar da shi daga sahun malamai ba.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Ɗan'uwa, in an kawo maka magana, ka tambayi hujjarta kafin ka tambayi mai ita. In ta tabbata ka bi, ko da jiya ka faɗi saɓaninta a gaban jama'a. In ba ka gane ba ka je ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Wanda ilminsa bai kai ya auna ba, ya nemi malami mai tsoron Allah ya auna masa, kada ya yi ta haɗiye duk abin da waya ta kawo masa. Ka riƙe sallarka da karatunka, ka kuma riƙe gonarka ko shagonka ko makarantarka da kyakkyawar niyya, ka ba iyalinka lokacinsu, ka ba jikinka barcinsa. 'Ya'yanku maza da mata ku bar su su koyi abin da zai amfani al'umma, domin ranar da maƙiyi ya zo bakin gari ko annoba ta shigo, za a nemi wanda ya san haƙa gwalalo da wanda ya san magani.

Ya Allah Ka buɗe ƙirazanmu ga gaskiya, Ka raba mu da girman kai da son zuciya. Ya Allah Ka sa albarka cikin ibadarmu da sana'o'inmu, Ka shirya mana zuriyarmu, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.