Darasi: Waɗanda Aka Fitar Bayan Gari

Abin karantawa: Markus 1:40-45, Markus 5:25-34, Yakubu 2:1-9.
Ayar haddacewa: Markus 1:41.

Gabatarwa

'Yan'uwa, cikin wannan darasi za mu duba mutum biyu da jama'arsu suka ƙi, Ubangiji Yesu kuwa ya karɓe su. Ɗaya kuturu ne, ɗaya mace mai zubar jini. Abin da muke so mu lura da shi ke nan: Ubangiji bai tsaya ga warkar da jikinsu kaɗai ba, sai da ya komar da su cikin mutane. Gama ciwon jiki dabam, ciwon zama bare a garinku dabam, na biyun kuwa sau da yawa ya fi daɗewa.

1. Kuturun da aka taɓa

Bisa ga shari'ar Musa, cikin Littafin Firistoci sura 13, wanda firist ya tabbatar yana da kuturta sai ya kece tufafinsa, ya rufe leɓensa na sama, ya riƙa shelar ƙazantarsa da bakinsa, ya zauna shi kaɗai bayan zango. Kalmar da aka juya mana "kuturta" ta haɗa cututtukan fata iri iri, har da abin da ke tsirowa a tufa da bangon ɗaki, ba lalle cutar da likitoci ke kira kuturta yau ba. Amma hukuncin ɗaya ne: ba gida, ba kasuwa, ba sujada tare da jama'a.

Irin wannan mutum ne ya zo ya durƙusa gaban Yesu. Da Ubangiji ya so, da ya warkar da shi daga nesa, yadda ya yi wa kutare goma cikin Luka 17. Amma ya miƙa hannu ya taɓa shi tun yana cikin cutarsa. Sa'an nan ya aike shi wurin firist. Don me? Domin shaidar firist ce za ta buɗe masa ƙofar gidansa da ƙofar haikali.

2. Macen da aka kira ɗiya

Wannan mace ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da abin hannunta wajen masu magani, ciwo sai gaba yake yi. Bisa ga Firistoci sura 15, gadonta da mazauninta duk ƙazantattu ne. Shi ya sa ta raɓo ta baya a ɓoye. Yesu yana kan hanyar gidan Yayirus, babban mutum, shugaban majami'a, duk da haka ya tsaya domin wadda ko sunanta ba a rubuta ba. Ta riga ta warke, amma bai bar ta ta sulale ba. Ya kira ta ɗiyarsa gaban taro, ya yaba bangaskiyarta, domin kowa ya ji, kada wani ya sāke gudunta.

3. Ikkilisiya ta fari

Masu bi na fari sun ɗauki wannan gurbi. Yakubu ya tsauta wa masu ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, su bar matalauci a tsaye. Mu ma mun san halin, gama Bahaushe ya ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano: watau ba cutar kaɗai ake gudu ba, har da talaucin.

Wajen shekara ta 251 Karniliyus, shugaban ikkilisiyar Roma, ya rubuta cewa suna ciyad da gwauraye da mabukata fiye da 1,500, alhali a lokacin ana tsananta musu. A shekara ta 362 Sarki Juliyan, wanda ya bar bangaskiya ya koma ga gumaka, ya yi gunaguni cewa Kirista suna ciyad da matalautansu har da na waɗanda ba nasu ba. Wajen 370 kuma Basil, shugaban ikkilisiyar Kaisariya ta Kafadokiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya gina babban masauki a bakin birni domin baƙi da marasa lafiya, kutare kuma suna cikinsu. Da wannan aka san su, tun ba su da iko a duniya.

4. A ƙasarmu

Wannan aiki ya iso mu. Mishan ta SUM ta buɗe asibiti a Vom, kusa da Jos, a 1922, ta kafa wurin jiyyar kutare a Mangu, da makarantar makafi a Gindiri a 1953. A 1937 mishan ta SIM ta karɓi kulawar mazaunan kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. A zamanin nan mai cutar yakan yi shekaru nesa da danginsa.

Yau Allah ya ba mu sanin da kakanninmu ba su samu ba. Tun 1873 likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar. Ba gado ba ce, ba sammu ba, ba la'ana ba. Yawancin mutane jikinsu ba ya kama ta. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna da ke kashe ta cikin wata 6 ko 12, ana kuwa ba da su kyauta. Wanda ya soma shan magani ya daina ba wani cutar. Dungulmin yatsu da muke gani tabo ne na jijiyoyin da suka mutu, ba alamar cutar tana nan ba. To, in mun ƙi gaisawa da mai irin wannan hannu, wace hujja ta rage mana?

Macen nan ta Markus 5 kuma tana da 'yan'uwa a cikinmu, su ne masu yoyon fitsari. Doguwar naƙuda ce takan kawo shi: kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har wurin ya huje. Sau da yawa jaririn ya mutu, miji ya sake ta, a ware mata ɗaki da kwano saboda wari. A nan Jos, asibitin Evangel da SIM ta buɗe a 1959, wanda muka sani da Jan Kwano, yau kuwa asibitin koyarwa ne na Jami'ar Bingham, ya soma aikin gyaran yoyon fitsari a 1992. Mata Kirista da Musulmi daga nesa suna zuwa, da yawa suna komawa a warke.

5. Abin da ya rage mana

Likita yana iya kashe ƙwayar cuta, yana iya ɗinke rauni. Amma ba shi da ikon sa maƙwabta su sayi ƙosan macen nan, ko su ba ɗiyar wanda ya taɓa yin kuturta miji. Aikin firist, na buɗe ƙofa, a hannunmu yake. Sadakar da aka jefa daga nesa tana cika ciki, ba ta kawad da kunya. In wanda ya warke ya dawo daga Mangu ko Jan Kwano ya tarar ana matsawa daga bencin da ya zauna, ashe mun rushe rabin abin da Allah ya yi masa. Mu tuna mu ma dā bare ne, Yesu kuwa ya sha wuya a bayan ƙofar birni, inda ake fitar da ƙazantattu, domin ya shigo da mu (Ibraniyawa 13:12).

Tambayoyi

1. Don me Yesu ya taɓa kuturun, tun da yana da ikon warkarwa da magana kaɗai?
2. Me macen za ta rasa da ya bar ta ta tafi a ɓoye?
3. Su wane ne a unguwarmu ba a cin abinci tare da su? Wa zai ziyarce su cikin wannan mako?
4. Muna kiran mutum da sunansa, ko da sunan cutarsa?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai da ka karɓe mu tun muna ƙazantattu, ka cire mana tsoro da ƙyama. Ka ƙarfafa masu jiyya a asibitocinmu. Ka sa ƙofofinmu su buɗu ga waɗanda aka kora, har su zauna tare da mu a teburinka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.