Wurga Katantanwa Gidan Maƙwabci: Tausayi Ne Ko Wayo?

A Ingila akwai wani tsiro da masu lambu ke ji da shi, sunansa hosta. Asalinsa daga Japan da Sin da Koriya ne, kuma don kyawun faffaɗan ganyensa ake shuka shi. Sai dai katantanwa ma tana son sa, ita da 'yar'uwarta marar ƙoƙo. Dare ɗaya mai danshi ya ishe su su mayar da ganyen kamar rariya.

Shekara da shekaru da guba ake yaƙarsu, wata mai suna metaldehyde, har aka hana barbaɗa ta a lambunan Birtaniya daga Afrilun 2022, saboda tana cutar da bushiya da tsuntsaye. A shekarar ce kuma ƙungiyar Royal Horticultural Society ta cire su daga jerin maɓarnata: cikin nau'i kusan 44 na marasa ƙoƙo a ƙasar, 9 ne kacal ke cin shukar lambu.

To, mai lambun da ba ya son kisa sai ya ɗauki tocila da daddare, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya wurga su bayan katanga. Ya kwanta hankalinsa kwance, ai bai kashe rai ba. Amma bayan katangar akwai wani bawan Allah, shi ma da tasa hostar.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan hali sarai. Matsala ta taso, maimakon a gyara, sai a tura ta teburin wani sashe, a ce an gama. Allonka ya yi fes, ita kuwa tana nan daram.

Wani zai ce katantanwa ba mallakar kowa ba ce, ko ba a jefa ta ba tana iya rarrafawa can da kanta. Haka ne. Amma ruwan saman da ya gangara gidan maƙwabci daban, indararon da ka karkata masa da hannunka daban. A ganina mai wurgawar ya ji tausayin dabbar da gaske, sai dai ya ɗora wa wanda bai shawarta ba kuɗin tausayin. Da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa ya faɗa masa ido da ido, da ba ya buƙatar duhu.

Wurgin ma ba ya cika yin aiki. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna katantanwa na gane hanyar komawa gida, sai fa idan an kai ta nesa da mita 20. Da wuya katangar maƙwabci ta kai wannan nisan.