Gulbi Ma Yana da Haƙƙi a Kanmu?

'Yan'uwana ɗalibai, tun ina yaro nake jin tsofaffin Bakura suna cewa gulbi ya fi mutum sanin hanyarsa. A da ban gane ba. Gani nake yi karkacewar Gulbin Sakkwato ɓata lokaci ce kawai, sai daga baya na fahimci amfaninta. Kowace kwana tana rage wa ruwa gudu. Da damina ya tumbatsa, ya malala fadama, ya bar laka mai taki, ya cika tafkuna inda kifi ke hayayyafa. In ya janye, manomi ya girbe shinkafa, ya dasa albasa, makiyayi kuma ya sami ciyawa.

A 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gama gina madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka a wajen Maradun, aka kuma haƙa miƙaƙƙun magudanai don noman rani. Amma a ƙasan madatsar ambaliya ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. A Afrilun 1980 manoma suka tashi neman diyyarsu, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka.

To, ga tambayata: ya halatta a shayar da gonar wani ta hanyar busar da ta wani? Wani zai ce amfanin jama'a ya fi na ɗaiɗaiku. Na yarda, amma mutanen fadama ai su ma jama'a ne, ba a kuwa shawarce su ba. A ganina haƙƙin gulbi shi ne haƙƙin duk wanda ke ci daga gare shi, har da jikokin da ba a haifa ba.

Gyara kuwa mai yiwuwa ne. A Amurka an miƙe kogin Kisimi tsakanin 1962 da 1971, fadamarsa ta bushe, suka dawo suka mayar masa da wasu daga cikin kwanoninsa, aka gama a 2021. A Kamaru an sake sakar wa fadamar Waza-Logon ruwa a 1994, kifi da ciyawa suka dawo.

Ban ce a rushe Bakolori ba. Cewa na yi a riƙa sako ruwa a kan kari da damina, a kuma tambayi manoma da masunta lokacin da ya dace. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa mu gane.