Shin Takarda Tana Tuba? Magana Kan Permi da Kasiye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, mutum biyu suka zo mini a masallacinmu na Zango cikin wata guda. Na farko saurayi ne da ya yi wata takwas a gidan kaso saboda faɗa, yana ɗan shekara 19. Yau ya yi aure, ya natsu, yana son shiga konkur ta aikin gwamnati, amma an nemi kasiye, ɗaurin nan kuwa yana rubuce a ciki. Na biyu direba ne da ya kifar da mota a hanyar Tanut saboda gudu, mutum biyu suka rasu, aka karɓe masa permi. Kowannensu ya ce mini: "Malam, na tuba, don me ba za a manta ba?"

Mu fara da sanin takardar. Kasiye gado ne daga Faransa, inda aka kafa shi a shekarar 1850 bisa shawarar wani alƙali mai suna Bonneville de Marsangy, wanda ya ce a tara hukunce-hukuncen kowane mutum a kotun garin haihuwarsa. Nijar ta riƙe wannan tsari bayan samun 'yancin kai a 1960. Takardar kashi uku ce: ta ɗaya ta alƙalai, ta biyu ta wasu ma'aikatun hukuma, ta uku ita ake ba mai ita, kuma galibi ana son wadda ba ta wuce wata 3 ba.

To, shin adalci ne laifin da aka riga aka hukunta ya ci gaba da tsare wa mutum hanyar abinci? Masu cewa a manta suna da hujja mai ƙarfi. Wanda ya gama ɗaurinsa ya biya bashinsa. In kowace ƙofar halal ta rufe a gabansa, mu da kanmu muka kora shi zuwa ga abokan da ya baro. Masu cewa a tuna su ma ba su yi ɓatanci ba. Matar da ta sa 'ya'yanta a mota daga Damagaram zuwa Agadas ba ta san direban ba, ba ta kuma iya bincikar zuciyarsa. Permi shaida ce da hukuma ta yi a madadinta.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun riga mu warware irin wannan ƙulli. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, ya bayyana cewa wanda aka yi wa haddin zina, idan ya tuba, ana karɓar shaidarsa a komi, in banda sha'anin zinar. Ku lura da wannan ma'auni. Ba a jefar da mai tuba ba, ba a kuma mayar da shi nan take bakin ramin da ya faɗa ba. Haka nan Manzon Allah (SAW) ya hana Abu Zarri shugabanci, ba don ƙarancin imani ba, sai don ya ga nauyin ya fi ƙarfinsa. Ashe tsarkin zuciya daban, cancantar riƙe amana daban.

Da wannan na amsa musu. Na ce wa saurayin: faɗan ƙuruciya ba shi da dangantaka da aikin da kake nema, kuma doka ta tanadi hanyar da mutum zai roƙi kotu ta wanke sunansa bayan wasu shekaru na kyakkyawan hali. Je ka tambayi magatakardan kotu, kada ka saurari masu sayar da takardar jabu. Direban kuwa na ce masa: laifinka a kan sitiyari ya auku, don haka haƙurin rabuwa da sitiyari har wa'adi ya cika yana cikin tubarka, tare da diyya da kaffarar da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora a kan kisan kuskure. Wanda ya ba da cin hanci don a mayar masa da permi bai tuba ba, sabon laifi ya buɗe.

Saura mu. Ya kai mai mota, ya kai mai shago, in an kawo maka takarda mai tabo, tambayi abu uku: wane laifi ne, yaushe aka yi shi, kuma yana taɓa aikin da za ka ba shi? Wanda ya taɓa sata kada ka fara damƙa masa akwatin kuɗi, amma me zai hana shi gini ko walda? Takarda ba ta tuba, domin jiya kaɗai ta sani. Maƙwabta da limamai da masu unguwa su ne suka san yau, kuma ɓoye shaidar alheri zunubi ne kamar ɓoye ta sharri.

Allah Ya karɓi tubarmu, Ya kiyaye matafiyanmu, Ya sa mu gama lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.