Amfanin Karatu, Aiki da Shi

A kasuwar Bawku ko a tashar mota ta Yendi, akan tarar da mai sayar da littattafai ya baza hajarsa a kan tebur. Da yawa cikinsu na ƙarfafa zuciya ne: yadda za a jure wahala, yadda za a yi nasara, yadda za a sami kwanciyar rai. Masu bi suna saye, suna karantawa, wasu har sukan ja layi a ƙarƙashin maganar da ta yi musu daɗi. Wannan abu ne mai kyau. Amma da me ake gane cewa littafi ya koya wa mutum hikima? Daɗin da ya ji a zuciya ya isa shaida?

Tarihin wannan yanki yana da abin faɗi a kan tambayar. A Paga, kusa da iyakar Gana da Burkina Faso, akwai tsohon sansanin bayi da ake kira Pikworo. Har yau ana ganin ramukan da aka fafe a kan dutse, inda ake zuba wa kamammu abinci. Daga nan akan kora su kudu zuwa Salaga, babbar kasuwar goro da bayi, inda fataken Hausa suke sauka. Fasto Theophilus Opoku na Mishan ɗin Basel ya je Salaga a 1877, ya ga cinikin da idonsa. Tun kafin zamaninsa, da yawa daga cikin waɗanda aka sayar a irin wannan kasuwa sun ƙare a bakin teku, cikin jiragen Turawa. Salaga gari ne na malamai da rubutu, jiragen kuma ba su rasa Littafi Mai Tsarki a cikinsu ba. Ga karatu a tudu, ga karatu a ruwa, duk da haka ana ta sayar da mutum kamar tunkiya.

Cikin ma'aikatan jiragen nan akwai wani mutumin Ingila mai suna John Newton. A 1748 yana komawa gida daga gaɓar Afirka ta Yamma, sai ya ɗauki littafin Toma na Kempis, wanda ke koyar da yin koyi da Almasihu, ya shiga karantawa. Ba a daɗe ba hadiri ya taso, jirgin ya kusa nutsewa. Newton ya yi kuka ga Allah, ya tsira, ya kuma riƙe wannan rana a matsayin mafarin tubarsa. Ya daina saɓo, ya kama addu'a da nazarin Maganar Allah.

Mai karatu zai zaci daga nan ya wanke hannunsa daga cinikin bayi. Ina! Daga 1750 zuwa 1754 shi ne ma shugaban jirgin bayi. Ran Lahadi yakan tara ma'aikatansa su yi sujada a saman jirgi, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsu mutane na kwance cikin mari. Rashin lafiya ce ta raba shi da teku. Ya zama fasto a 1764, amma sai a 1788, shekara 40 bayan hadirin, ya buga ɗan littafin da ya amsa laifinsa a fili, ya la'anci cinikin. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba. To, wa zai ƙirga rayukan da suka salwanta kafin a je?

Abin lura shi ne, littafin bai yi wa Newton ƙarya ba. Ya ɗauki abin da ya shafi tsoronsa da ransa, ya tsallake abin da ya shafi aljihunsa. Haka zuciyar ɗan adam take. Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hangi na wani. Wasiƙar Yakubu ta kwatanta mai jin Magana ba tare da aikatawa ba da wanda ya dubi fuskarsa a madubi, ya juya, ya manta kamanninsa. Saboda haka shafin da ya fi cancanta a ja wa layi shi ne wanda ya sosa wa mai karatu inda ba ya so a taɓa.

Labarin yana da wani gefe kuma. William Wilberforce, ɗan majalisar Ingila, ya karanta wani littafin Philip Doddridge a kan rayuwar ruhaniya, zuciyarsa ta motsa har ya yi tunanin barin siyasa. A 1785 ya je wurin Newton neman shawara. Dattijon ya ce masa ya zauna a majalisa ya yi wa Allah hidima a can. Ya zauna, ya yi ta fama, har aka yi dokar hana cinikin bayi a 1807, shekarar da Newton ya rasu. Littafi ya hura wuta, shawarar dattijo ta nuna abin da za a dafa. Baban nan na Habasha ma sai da Filibus ya hau karusarsa kafin ya fahimci abin da yake karantawa. Mai bi da ke karatu shi kaɗai, ba ya tambayar kowa a ikkilisiya, yana iya yin shekaru yana jin muryar kansa, yana zaton hikima ce.

Yau ba a sayar da mutane a Salaga, amma jarrabawar tana nan. Bawku ta sha wahalar rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, gidaje da yawa sun yi makoki. Wanda ya karanta littafi a kan gafara a irin wannan gari, hikimarsa za ta bayyana ranar da ya haɗu da ɗan wancan ɓangare a bakin rijiya. Mai shago da ya karanta littafin nasara, a duba mudunsa da albashin yaronsa. Uwargida da ta haddace shafi a kan tawali'u, a tambayi yarinyar da ke yi mata wanke-wanke.

Duk wanda ya rufe littafi, ya kamata ya tambayi kansa: wane ne zai sami sauƙi gobe saboda abin da aka karanta yau? In ya rasa sunan ko mutum ɗaya, sai ya sāke buɗewa, ya nemi shafin da ya tsallake.