Fuskar wa ke cikin hoton?

Gab da Babbar Salla na raka gyatumata wurin wani mai ɗaukar hoto a nan Dakoro, domin jikokinta na Yamai sun roƙi hotonta. Aka tsai da rana, ta ci ado. Da hoton ya fito, sai ga fata ta yi fari, tsagar Gobirawa da ke kumatunta kuwa an shafe ta da Photoshop. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce: «Wannan ɗiyar wa ce?»

Ƙawata hoto ba baƙon abu ba ne. Seydou Keïta na Bamako yakan ara wa masu zuwa gare shi agogo ko rediyo, ban kuwa ga laifinsa ba, tun da mai hoton ne ya zaɓi aron da bakinsa. Shafe tsaga daban yake: an yanke wa fuska hukuncin cewa asalinta aibi ne, ba tare da an tambayi mai ita ba. A Faransa, tun 2017 doka ta wajabta sanarwa a kan hoton talla idan an sauya surar jiki. A nan kuwa, yaron bai ma ga abin sanarwa ba. Kyautatawa ya nufa, wannan ne ya fi damuna.

Muka koma, ya mayar mata da tsagarta.