Cin Rani da Hakkin Waɗanda Aka Bari a Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya rarraba arziki a sassanta, Ya sanya bayinSa suna bukatar juna. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara da zarar an ɗaure gero an zuba a rumbu, sai tashoshin mota na Agye da Cadawa da Gazawa da Gidan Rumji su cika da samari da magidanta, kowa da ƴar jakarsa. Wasu kudu suke nufa, Katsina, Kano, Abuja, Legas, Kwatano, har Abijan. Wasu kuma arewa, su bi ta Agadas zuwa Aljeriya ko Libiya. Akwai ƙauyukan da in rani ya tsaya da wuya a cika sahu biyu a masallaci, in an yi rasuwa kuwa tsofaffi ne ke fama da haƙar kabari. Al'amarin da ya shiga kusan kowane gida haka ya cancanci a yi wa juna nasiha a kansa. Abin da muke son tunatarwa shi ne, tafiya neman abinci halal ce, amma hakkin da ke wuyan mutum ba ya sauka don ya ƙetare iyaka.

TAFIYA NEMAN HALALI

Musulunci bai hana tafiya ba. Allah (S.W.T.) Ya ƙirga fataucin Ƙuraishawa na lokacin sanyi da na lokacin zafi cikin ni'imomin da Ya yi musu, ɗaya zuwa Yaman, ɗaya zuwa Sham. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya je Sham fatauci da dukiyar Nana Khadija (R.A.) kafin a aiko shi. Da cutarwar mushirikai ta tsananta a shekara ta 5 bayan aike, shi ne ya umarci wasu sahabbai su ƙaura zuwa Habasha, saboda adalcin sarkinta Najjashi. Shari'a kuma ta sauƙaƙa wa matafiyi, ta ba shi ƙasaru a salla, ta yarje masa ya sha azumi ya rama daga baya.

Mu ma nan ba baƙon abu ne gare mu ba. Katsinawa da Gobirawan da suka baro garuruwansu a ƙarni na 19 su ne suka raya Maraɗi da Tsibiri. Alhazan Maraɗi da safara tsakanin nan da Kano suka tara dukiyarsu. Malamanmu da yawa a zaurukan Katsina da Kano da Zariya suka yi karatu, suka dawo suna karantar da mu.

Kuma kada mu yi gaggawar cewa kwaɗayi ne kaɗai ke fitar da matasa. Gonar da kaka ya noma shi ɗaya, yau jikoki ne suka raba ta ƙanƙane-ƙanƙane. Gidaje da yawa rumbunsu ba ya kai su damina. Wanda ya ga yunwar 2005 a jahar Maraɗi ya san abin da ake gudu. Wanda ya tafi ya rage baki ɗaya a kan rumbu, in Allah Ya taimake shi ya aiko da kuɗin hatsi lokacin da tiya ta yi tsada, ya sayi shanun noma da amalanke, ya yi sadakin aurensa da guminsa, ya dawo da sana'a a hannu, gini ko walda ko kanikanci. Irin wannan, matuƙar niyyarsa ciyar da iyali da tsare mutunci daga roƙo, yana cikin ibada, kuma muna fatan lada gare shi.

ABIN DA BA A FAƊA A WAYA

Sai dai jama'a, wanda ya dawo da sabon babur shi ake gani. Wanda ya dawo hannu wofi da dare yake shigowa gari, kunya ba ta barinsa ya ba da labari. Wanda ya mutu a hanya kuwa ba shi da bakin magana. Don haka rabin labari ne ke isa kunnen yaro mai shirin tafiya, alhali hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abu na farko, baƙo ba shi da tabbas a ƙasar wasu, kome daɗewarsa. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, Hausawan da suka shekara da shekaru a zango suka bar gidaje da kantuna. A Janairun 1983 Nijeriya ta kori baƙi, ƴan Nijar da yawa na ciki. A 1984 aka rufe iyaka daidai lokacin fari, ba a buɗe ba sai 1986, har dattawanmu suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubun-dubatar ƴan ƙasarmu, da yawansu ba su tsira da kome ba sai tufafin jikinsu. An sake rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Faɗuwar darajar naira a 2023 da 2024 kuma ta sa mai cin rani a kudu ya yi wata shida yana dako ko turin ruwa, in ya canja abin da ya tara zuwa sefa sai ya ga bai taka kara ya karya ba.

Abu na biyu, haɗarin hanya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara daga yankin Kance, maƙwabtanmu na jahar Damagaram, har ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Tun daga ƙarshen 2014 Aljeriya ke ta kwaso ƴan Nijar a ayarin manyan motoci tana dawo da su ta Asamaka. Baƙin wasu ƙasashen kuwa a cikin rairayi ake zubar da su, su taka kimanin kilomita 15 kafin su iso garin. A Libiya akwai abin da matafiya da kansu ke kira gidan bashi, inda ake tsare mutum, a doke shi, a buga wa iyayensa waya su ji kukansa don su aiko da kuɗi. A 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake cinikin baƙaƙen fata a can kamar dabbobi. Dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure an soke ta a Nuwamban 2023, motoci suna fita daga Agadas a fili, amma nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya yana nan yadda yake. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Tawakkali kuwa bayan ɗaukar sababi yake zuwa, kuma rai amana ce a hannun mai shi.

Abu na uku, wanda ya fi duka, shi ne addini. Yaron da a gida ba ya rasa jam'i, sai ya je inda ba uba, ba malami, ba wanda yake jin kunya. Salla ta fara da jinkiri, ta koma haɗawa, ta ƙare da bari. Don ya jure aikin ƙarfi sai a koya masa shan ƙwaya. Wani ya faɗa zina, ya kwaso ciwo ya kawo wa matarsa da ba ta ji ba ba ta gani ba. Wasu kuma bara ce ma ta fitar da su, har da ɗaukar ƴaƴan mutane ana yawo da su a titunan Tamanrasat. A watan Maris na 2022 sai da gwamnati ta aika jirgin sama Dakar aka kwaso ɗaruruwan ƴan ƙasarmu masu bara, yawancinsu mata da yara. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai mai da roƙo sana'a alhali yana da ikon nema. To, ina ribar wanda ya samo kuɗi ya baro sallarsa a can?

HAKKOKIN DA BA SU SAUKA

Na ɗaya, hakkin iyaye. Wani mutum ya zo wa Manzon Allah (S.A.W.) yana neman fita jihadi, da ya ji iyayensa suna raye sai ya mai da shi ya je ya yi musu hidima. Idan haka ne game da jihadi, ina ga tafiyar neman kuɗi mai haɗari? Malamai sun tabbatar cewa iyaye suna da ikon hana ɗansu irin wannan tafiya. Wanda ya sulale da asuba ya bar tsohuwa tana kuka, ya binciki albarkar tafiyarsa.

Na biyu, hakkin mata. Ci da sha da tufafi da wurin kwana wajibi ne a kan miji, yana gari ko ba ya gari. Hakkinta kuma bai tsaya a hatsi kaɗai ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya tambayi ƴarsa Nana Hafsa (R.A.) tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, daga nan ya ƙayyade wa mayaƙa ƴan watanni, kada su wuce su ba su leƙo gida ba. Cin ranin iyayenmu haka yake: a tafi bayan girbi, a dawo kafin ruwan shuka. Yau sai mutum ya yi aure wata biyu, ya tafi ya shekara huɗu, ba aike ba saƙo, yarinya tana zaune ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba. A mazhabar Imamu Malik, matar da mijinta ya tafi bai bar mata abin ciyarwa ba tana da ikon kai ƙara gaban alƙali, ya ba da wa'adi, in ba a samu mafita ba ya raba auren. Wadda kuma mijinta ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba, in akwai dukiyarsa da za a ciyar da ita, alƙali zai bincika, sannan ta jira shekara 4, ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Ku dubi nauyin da mutum ɗaya ke ɗora wa baiwar Allah saboda ya ƙi sanar da inda yake.

Na uku, hakkin ƴaƴa. Kuɗin da aka aiko ba ya tayar da yaro sallar asuba, ba ya raka shi makarantar allo ko lakwal. Uba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Na huɗu, hakkin masu bin bashi. Malaman fiƙihu sun ce mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi tafiya, idan wa'adin biya zai cika yana can, sai in ya bar wanda zai biya a madadinsa. Mafi muni shi ne a jinginar da gonar gado ko a sayar da ita don kuɗin mota. In tafiya ba ta yi kyau ba, an yi biyu babu, mutum ya dawo yana ƙwadago a gonar ubansa.

Saboda haka, ya kai mai niyyar tafiya, ka yi istihara, ka shawarci wanda ya je ya dawo kuma zai gaya maka gaskiya. Ka nemi yardar iyayenka. Ka bar wa iyalinka abin da zai riƙe su, ka wakilta amintacce a kansu. Ka rubuta bashin da ake binka da wanda kake bi, a gaban shaidu. Ka riƙe takardunka na ɗan ƙasa, ka bi hanyar da aka sani. Ka koyi hukuncin sallar matafiyi, ka san cewa da ka yi niyyar zaman kwana 4 a wuri ƙasaru ta ƙare. In ka isa ka fara neman masallaci kafin ka nemi majalisa. Ka sa wa kanka ranar dawowa, ka cika ta, ko da abin da ka samo kaɗan ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ku kuma iyaye da mata, ku ji tsoron Allah game da gori. Ɗan wane ya aiko, mijin wance ya gina: wannan magana ta tura yara da yawa cikin hamada. Wanda ya dawo ba kome ku tarbe shi da murna, ransa da ya dawo da shi ya fi abin da ya rasa. Masu hali kuma su taimaka wa matasa da jari. Ga noman rani a fadamun Gulbin Maraɗi, ga kaba da goriba a kwarin Gulbin Kaba, ga aya da riɗi da ake zuwa saye daga nesa. Mutanen Ɗan Saga a ƙasar Agye sun raya itatuwan gonakinsu ta hanyar kyautata sassabe, har baƙi suna zuwa koyo wurinsu.

BAƘIN DA KE CIKINMU

Daga ƙarshe, mu tuna cewa yadda namu suke baƙi a ƙasar wasu, haka wasu suke baƙi a tamu. Tun daga 2019 dubban ƴan'uwanmu daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako ƙasar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Su ba neman kuɗi ya fito da su ba, tsira da rai ne. Mutanen Madina sun raba gidajensu da dukiyarsu da Muhajirai, Allah Ya yabe su a kan haka. Duk mai son a tausaya wa ɗansa a Sabha ko a Legas, ya tausaya wa ɗan wani a ƙofar gidansa. Kada a tauye masa ladan aiki, kada a tsawwala masa awo, kada a kira shi da sunan wulaƙanci.

Ya Allah Ka tsare matafiyanmu a tudu da hamada, Ka dawo da su gida lafiya da imaninsu. Ka kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ka bayyana waɗanda suka ɓace, Ka jiƙan waɗanda suka rasu a hanya. Ka ba matan da aka bari haƙuri da kamun kai. Ka sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu, Ka wadata mu da halal, Ka zaunar da ƙasashenmu lafiya. Allah Ya ba mu ikon aiki da abin da muka ji. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.